Bitar wata cibiyar gwajin jin yara a Abuja: sun ƙware a kunne, sun bar batun tafiya

Cibiyar da nake bita a nan mai zaman kanta ce, tana yankin Garki a Abuja, aikinta kuwa shi ne gwada jin yara da manya, da sayar da na'urorin ƙara ji, da koyar da magana ga yaran da jinsu ya sami rauni. A can muke kai 'yarmu tun tana cikin zanen goyo, ga shi yanzu ta isa shiga nazire. Na sakaya sunan wurin ne saboda ma'aikatansa ba su da yawa, kuma zan faɗi inda na ga sun gaza. Abin da nake so shi ne iyaye su sami ma'aunin da za su auna duk cibiyar da aka tura su, a Abuja ne ko a wani gari. Ta fuskar gwajin ji da bibiyarsa, mutanen nan sun san aikinsu, kuma ba ni da shakkar tura kowa wurinsu. Amma kunnen ciki aiki biyu gare shi, ji da daidaita tsayuwar jiki, su kuwa ɗaya suka riƙe suka saki ɗaya, kuma wannan sakin ya ci mana lokacin da ba zai dawo ba.

An haifi yarinyar da ƙwayar cutar saitomegalobairos, wadda likitoci ke taƙaitawa da CMV. Dangi ɗaya suke da ƙwayar da ke kawo ƙarambau, kuma mafi yawan manya a ƙasashenmu sun taɓa ɗaukarta ba tare da sun sani ba, domin ga mai ƙoshin lafiya ba ta cika wuce ɗan zazzaɓi da kasala ba, sau da yawa ma babu ko wannan. Haɗarinta yana ga ɗan tayi. Idan mai juna biyu ta ɗauke ta a karon farko, ko ta sake ɗaukar wani nau'inta, ko wadda ke kwance a jikinta ta farfaɗo, ƙwayar tana iya ratsa mabiyiya ta kai ga abin da ke cikin. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ƙiyasta cewa a can jariri 1 cikin 200 ake haifa da ita, kuma 1 cikin 5 na waɗannan yakan sami matsala mai daɗewa. A ƙasashe masu tasowa adadin waɗanda ake haifa da ita ya fi haka. Kusan jarirai 9 cikin 10 da ke ɗauke da ita ba sa nuna wata alama ranar haihuwa, duk da haka kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na waɗannan masu kamar lafiyayyu jinsu yakan taɓu, ko tun farko ko daga baya. A cikin abubuwan da ba na gado ba da ke kawo wa yara kurumtar kunnen ciki, ita ce a kan gaba.

Tamu tana cikin waɗanda suka nuna alama. Ta zo ƙarama, shawara ta kama ta tun kwanakin farko, ga ɗige-ɗigen jini a fatarta, aka kuma ce hanta da saifarta sun ɗan kumbura. Likitar jarirai da ta duba ta ita ce ta nemi a ɗebi fitsarinta a yi gwajin PCR, wanda ke gano ƙwayar cutar, kafin ta cika mako uku, kuma wannan wa'adi yana da dalili: bayan kwana 21, ko an ga ƙwayar a fitsari ko a yawu, da wuya a bambanta wadda aka haifi yaro da ita da wadda ya ɗauka ta nono ko ta hannun masu ɗaukarsa, wadda ita ba ta saba taɓa jin yaron da ya cika watanninsa ba. Da sakamako ya tabbata, sai aka ɗora ta a kan maganin sha da ake sayarwa da sunan Valcyte na tsawon wata 6, ana auna jininta a kai a kai domin maganin yana iya rage fararen ƙwayoyin jini. Likitar ce kuma ta rubuta mana takardar zuwa wannan cibiya.

Ganin farko da na yi wa wurin bai burge ni ba. Gida ne aka mayar ofis, ɗakin jira ƙarami ne, wurin ajiye mota kuma da ƙyar ya ɗauki 'yan motoci. Sai da aka shiga da mu ciki na gane inda suka zuba kuɗinsu. Akwai ɗaki mai kauri da aka lulluɓe bangonsa da abin tsotse sauti, wanda idan aka rufe ƙofarsa ƙarar janareto da ta titi duk sukan ɗauke. Gwaji biyu aka yi wa jaririyar. Na farko shi ne OAE, wanda ba ya wuce 'yan mintoci: ana sa ɗan ƙaramin toshi mai laushi a kunne, ya saki sauti, sannan ya saurari amsar da katantanwar kunne, wato sashen ji na kunnen ciki, ke mayarwa. Na biyu, wato ABR, shi ne mai nauyi. An gaya mana tun kafin ranar mu hana ta barci a hanya, mu kuma jinkirta ba ta nono har sai mun iso, domin ta sha ta yi barci da kanta ba sai an ba ta maganin barci ba. Ma'aikaciyar ta goge goshinta da bayan kunnuwanta da auduga, ta manna wayoyi, ta sa mata sauti a kunne ɗaya bayan ɗaya, tana rage ƙarfinsa mataki mataki, a allon kwamfuta kuwa layuka suna tashi suna sauka gwargwadon yadda jijiyar ji ke kai saƙo ƙwaƙwalwa. Duk lokacin da yarinyar ta motsa sai ta dakata, ta jira ta lafa, ta sake daga inda layin ya gurɓace. Ba ta yi gaggawa ba, ko da yake akwai masu jira a waje.

Kunnen dama ya nuna rauni mai tsanani, na hagu kuwa ya fito lafiya. A nan ne cibiyar ta yi abin da ya sa har yau nake girmama ta. Da ƙwararriyar ta ga alamar hankalinmu ya kwanta da sakamakon kunnen hagu, sai ta ajiye takardar ta dube ni ta ce: "Malam, kada wannan ya sa ku saki jiki. Yau kawai takardar nan take magana a kai, ba ta san shekara mai zuwa ba." Ta yi mana bayani cewa raunin ji na CMV ba ya tsayawa wuri ɗaya. Yana iya fara bayyana bayan shekara ɗaya ko biyu ko fiye, yana iya ƙaruwa a hankali, yana iya sauka ya hau, kuma yana iya tsallakawa daga kunne ɗaya zuwa ɗayan. Saboda haka yaron da aka haifa da ita ana ci gaba da gwada shi a kai a kai har ya kai shekarun shiga firamare, ko da ya ci gwajin farko. Suka rubuta mana jadawali, kuma sukan kira waya idan lokaci ya ƙarato. Wanda ya san yadda ake sallamar mutum a wurare da yawa da takarda ɗaya ba tare da an ce masa ya dawo ba zai fahimci darajar wannan kira.

Maganarta ta tabbata. Bayan yarinyar ta wuce shekara ɗaya, gwajin da ake yi wa masu wannan shekaru ya nuna kunnen hagu ya fara ja da baya. Gwajin kansa yana da daɗin kallo: yarinya tana zaune a cinyar mahaifiyarta a cikin ɗakin nan mai kauri, wata ma'aikaciya tana gabanta tana ɗauke mata hankali da abin wasa marar ƙara, sai a saki sauti daga lasifika ta gefe, idan ta juya wajen sai wata 'yar tsana ta haskaka a cikin akwatin gilashi. An gargaɗi mahaifiyar kada ta motsa cinya ko ta juya kai idan ta ji sautin, don kada yarinya ta bi jikinta maimakon kunnenta. A gida ba mu lura da wannan raguwa ba, domin tana amsa kira, tana kuma juyowa idan an buga ƙofa. Ƙananan sautuka irin su "s" da "sh" ne suka fara ɓace mata, waɗanda kuwa da su ake rarrabe kalmomi. Da mun dogara da tafa hannu a bayan kanta, kamar yadda ake yi a gidaje, da mun ce lafiyarta lau.

Sa na'urar ƙara ji ma sun yi shi da kula. Sun zuba wani abu mai laushi a kunnenta suka ɗauki siffarsa domin a ƙera robar da za ta zauna daidai, suka kuma gaya mana cewa za a riƙa sake ta saboda kunnen yaro yana girma da sauri, kuma da zarar ta yi sako-sako na'urar za ta fara fito. Sun zaɓa mana wadda murfin batirinta ke kulluwa, suka nanata cewa ɗan ƙaramin batirin nan idan yaro ya haɗiye shi maganar asibiti ce nan take. Sun koya wa mahaifiyarta gwajin safe na sautuka shida, a, u, i, m, sh, s, wanda take yi daga bayan yarinyar don kada ta karanta leɓe. Sun ba mu kwalbar busar da na'ura saboda laimar damina da gumi, da ɗan burushi saboda ƙurar hunturu. Kuɗi kam akwai shi. Abin da muka biya a gwajin ABR kaɗai ya haura mafi ƙarancin albashi na ₦70,000, farashin na'ura kuwa yana bin dala, ga batir da roba da ba sa ƙarewa. Amma sun rubuta mana farashin komai tun kafin a fara, ba su ɓoye ba, ba su kuma tura mu ga mafi tsada ba alhali akwai mai sauƙi da za ta yi aikin.

Inda nake da ƙorafi shi ne batun tsayuwar jiki. Yarinyar ta daɗe wuyanta bai yi ƙwari ba, ta makara wajen zama, kuma ta kusa shekara biyu kafin ta saki hannu ta yi tafiya, alhali a ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya yawancin yara sukan yi tafiya su kaɗai tsakanin wata 8 da kusan wata 18. Da ta fara tafiyar ma sai ta riƙa ware ƙafafu, tana bin bango, kuma ba ta son a ɗaga ta sama ko a juya ta da sauri. A gida an sami bayani mai sauƙi. Hajiya mahaifiyata ta ce: "Nauyin ƙafa gare ta, kai ma ai ba ka yi tafiya da wuri ba." Wasu suka ce goyo ne ya yi mata yawa. Ba na ganin laifinsu, domin babu wanda ya taɓa gaya musu cewa kunne yana da hannu a tafiya. Wanda ya kamata ya gaya mana shi ne wurin da muke kai kunnen, kuma a duk tsawon lokacin nan, cikin tambayoyin da suke yi mana a kowace ziyara, babu ko ɗaya da ta shafi zama ko rarrafe ko faɗuwa.

Ga yadda abin yake. A jikin katantanwar kunne, cikin ƙashi ɗaya kuma da ruwa ɗaya, akwai wasu bututu uku masu lanƙwasa da wasu 'yan jakunkuna biyu. Bututun suna gane juyawar kai, jakunkunan kuma suna gane karkata da ina ne sama ina ne ƙasa. Ƙwaƙwalwa tana haɗa saƙonsu da abin da ido ke gani da abin da tafin ƙafa da gaɓoɓi ke ji, sannan mutum ya tsaya daidai. Ƙwayar CMV da ta lalata sashen ji tana iya lalata wannan sashe ma, a kunne ɗaya ko duka biyu, kuma an sha samun yaran da jinsu lafiya lau yake amma sashen daidaito ya taɓu. Yaron da ya rasa wannan saƙo sai ya dogara da ido da ƙafa, shi ya sa yakan yi dama-dama da rana a kan siminti, amma da zarar duhu ya yi, ko ya taka yashi, ko katifa, ko ƙasa mai gargada, sai ya faɗi. Mun ga wannan da idonmu a gidanmu na Kubwa. Duk daren da aka ɗauke wuta, yarinyar da take yawo a falo sai ta zauna daɓas a inda take ta fara kuka, mu kuwa muna ɗaukar abin tsoron duhu ne. Yara ƙanana ba sa iya cewa jiri suke ji, ko cewa abubuwa suna rawa a idonsu idan suna gudu, sai dai a gane daga yawan faɗuwa da ƙin hawa lilo da riƙe hannun babba.

Wani likitan kunne da hanci da maƙogwaro da muka gani a wani asibiti daban, kan wata larura ta mura, shi ne ya kalli tafiyarta daga ƙofa zuwa kujera ya tambaya ko an taɓa duba daidaiton jikinta. Da na koma cibiyar da wannan tambaya, ba su musa ba. Suka ce sun san da matsalar, amma ba su da na'urorin gwada ta ga yara, irin su gwajin VEMP da ake yi da sauti da wayoyi a tsokar wuya, ko tabarau mai kyamara da ke bin motsin ido idan an juya kai. Na yarda cewa na'urorin suna da tsada, ban kuma zargi kowa da rashin sayen abin da ya fi ƙarfinsa ba. Amma tambayar uwa yaushe ɗanta ya zauna, yaushe ya yi tafiya, yaya yake yi a duhu, ba ta buƙatar na'ura. Sa yaro ɗan shekara huɗu ya tsaya a ƙafa ɗaya ido buɗe sannan ido rufe ba ya buƙatar na'ura. Rubuta takardar tura shi ga masu gashi da motsa gaɓoɓi, waɗanda aka fi sani da fisiyo, ba ya buƙatar na'ura. Cibiyar da ta san cewa yaro yana da CMV, ta kuma san isasshe har ta gargaɗe mu a kan raguwar ji, ba ta da uzurin yin shiru a kan wannan.

Abin ya fi ci mini rai ne saboda na ga yadda motsa jiki ya taimaka da aka fara shi. Sashen da ya lalace ba ya dawowa, amma ƙwaƙwalwar yaro tana koyon cike giɓin da ido da ƙafa idan aka horar da ita, kuma gwargwadon saurin farawa gwargwadon amfanin. Mai fisiyon ta sa ta tafiya a kan katifa, da kan layin da aka zana a ƙasa, da ɗaukar abu daga ƙasa ba tare da dafa komai ba, da kallon hoto ɗaya tana juya kai hagu da dama. Ta ce mu ajiye fitila mai caji da ke kunna kanta idan an ɗauke wuta, a ɗakin kwana da hanyar banɗaki. Ta kuma ja mana kunne sosai a kan ruwa: yaron da sashen daidaitonsa ya lalace a kunnuwa biyu, idan ya nutse ba ya gane ina ne sama, don haka ko a wurin wanka na yara ko a rafi idan an je ƙauye, dole babba ya kasance kusa da shi har hannu zai iya kaiwa. Wannan magana ce ta rai, kuma mun daɗe muna zuwa Garki ba mu ji ta ba.

Akwai ƙorafi na biyu, wanda bai kai na farko ba. Koyar da magana da Turanci kawai ake yi, kuma a farko an ba mu shawarar mu daina yi wa yarinyar Hausa a gida don kada harsuna biyu su rikita ta. Ban karɓi wannan ba. Yaro mai na'urar ji yana buƙatar ya ji magana mai yawa, mai daɗi, daga bakin waɗanda suka iya ta, kuma kakarta da ke wuni da ita ba ta jin Turanci. Da an bi shawarar, da an rufe bakin wadda ta fi kowa yi mata hira da waƙa. Da muka zauna da mai koyarwar ta saurare mu, ta riƙa ba mu darasin mako mu mayar da shi Hausa a gida, abin kuma ya tafi daidai. Na yaba da sauraron. Amma a birnin da masu zuwa daga Nyanya da Mararaba da Suleja da Zuba suke da yawa, ya kamata a ce akwai takardun bayani da Hausa, ba a riƙa neman wata ma'aikaciya ɗaya ta bar aikinta ta zo ta yi tafinta ba. Haka kuma ba su taɓa kawo mana zancen maganar hannu ba, ko da yake yaron da jinsa ke iya ci gaba da raguwa yana da kyau a buɗe masa wannan ƙofa tun da wuri, kuma akwai makarantar kurame ta Babban Birnin Tarayya a Kuje da masu iya ta.

Ɗakin jiran nasu kullum ba ya rasa mata masu ciki da ke riƙe da ƙananan yara, amma babu ko takarda ɗaya a bango da ke bayanin yadda ake kauce wa CMV. Har yanzu babu allurar rigakafinta, kuma hanyar da mai ciki ta fi ɗaukarta ita ce yawu da fitsarin ƙananan yara, galibi nata na gida. Wanke hannu da sabulu bayan canza famfas ko share majina, da barin cin ragowar abincin yaro ko shan ruwa a kofinsa, da barin lasar cokalinsa, da sumbatar goshi maimakon baki, duk suna rage haɗarin. A gidajenmu cin ragowar yaro da ɗanɗana masa kunu da cokali ɗaya abu ne na yau da kullum, kuma babu uwar da za a ga laifinta a kan abin da ba a taɓa gaya mata ba. A wasu wurare an wuce nan: lardin Ontariyo na Kanada ya fara gwada dukkan jarirai don gano CMV a 2019, jihar Minesota ta Amurka kuma a 2023. Mu ko takardar bango ta ishe mu farawa.

Wanda zai je ya nemi lokacin safe, musamman idan daga Kubwa ko Nyanya zai taso, domin cunkoson hanya yana iya sa jariri ya yi barcinsa a mota gwajin ABR ya lalace. Ya tafi da katin haihuwa da duk takardun asibiti, har da sakamakon PCR idan akwai, ya kuma karɓi kwafin kowane gwaji ya adana, saboda da kwatanta na bana da na bara ake gane raguwa. Wanda kuɗin masu zaman kansu ya fi ƙarfinsa ya fara da sashen kunne da hanci da maƙogwaro na Asibitin Ƙasa da ke Abuja ko na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada, akwai kuma Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna. A ko'ina aka je, uwa ko uba su faɗi da bakinsu watan da yaro ya riƙe wuya, da watan da ya zauna, da watan da ya yi tafiya, da yadda yake yi a duhu, su nemi a rubuta a fayil, su kuma nemi takardar zuwa fisiyo idan akwai jinkiri, ko an tambaye su ko ba a tambaye su ba. A ziyararmu ta baya-bayan nan na miƙa wa shugabar cibiyar wannan buƙata a rubuce, cewa a ƙara waɗannan tambayoyi a takardar da suke cike wa kowane yaro, ta karɓa ta ce za su duba.